Muryar Baffa

Na shafe shekaru ina koyar da ɗalibai ilimin furuci. Kowace shekara nakan zana hoton kan mutum a allo, in nuna musu leɓɓa da haƙora da hanƙa da ganɗa da harshe, sannan in gangaro zuwa maƙwallato, in bayyana musu cewa a nan ne wasu tantani biyu suke karkarwa idan iskar huhu ta ratsa tsakaninsu, har a sami abin da muke kira ziza. Nakan sa su ɗora yatsa a maƙogwaro, su furta /s/ sannan su furta /z/ domin su ji bambancin da kansu. A wurina darasi ne kamar sauran darussa, a koya, a yi jarrabawa, a wuce. Ban san nauyin abin da nake zanawa ba sai da aka cire wa baffana, ƙanin mahaifina, wannan gaɓa ɗungurungum saboda ciwon daji.

Mu mutanen Gozaki ne, tsohon garin nan da ke cikin Ƙaramar Hukumar Kafur a kudancin Jihar Katsina. Ƙasarmu ƙasar noma ce, daga mu har Malumfashi da Bakori da Funtuwa, ana samun auduga da masara da dawa da waken suya da barkono. Baffa manomi ne kamar kowa, amma ladanci ne ya fito da shi. Tun kafin a sayi lasifika a masallacin unguwarmu, muryarsa ce agogon jama'a. Da ita masu koko suke tashi hura wuta, da ita 'yan ƙwadago suke ɗaukar fartanya. Idan an yi rasuwa, ko za a ɗaura aure, ko akuyar wani ta ɓata, shi ake nema ya sanar. Ga shi da barkwanci. A wurin ciyayya bayan sallar isha'i, idan Baffa bai fito ba, sai a ce tuwon yau ba gishiri. Lokacin ƙuruciyarsa ya yi aikin lodin auduga a Funtuwa, a can ya koyi shan sigari, ya kuma sha shekaru masu yawa kafin ya bari.

Da kakar wata shekara, bayan an gama casar masara, sai muryarsa ta dishe. Kowa ya ce ƙurar casa ce ta haɗu da sanyin hunturu. Inna, uwargidansa, ta yi ta dafa masa citta da kanumfari tana zuba zuma. Wata ɗaya ya wuce, dishewar ba ta sake shi ba. Aka kira wanzami ya duba, ya ce belu ne, ya yanke, Baffa ya yi kwanaki yana jinyar miki a kan ciwo. Daga nan sai gunaguni ya tashi a unguwa, wasu suna cewa jifa ce daga masu hassadar ladancin. Wani dattijo kuwa ya ja ni gefe ya ce idan har daji ne, kada mu kuskura mu kai shi asibiti, domin daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. A haka muka ɓata wata takwas. Sai da numfashinsa ya fara fita da ƙara da dare, kamar ana jan zarto, sannan muka tashi tsaye.

Yanzu na san abin da ban sani ba a lokacin. Duk dishewar muryar da ta wuce mako uku ba ta warke ba, musamman ga wanda ya manyanta ko ya taɓa shan taba, tana buƙatar likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa ciki da na'ura. Haka nan wahalar haɗiya da ta daɗe, ko ƙullutu a wuya, ko ciwon kunne ɗaya da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Taba da giya su ne kan gaba wajen jawo dajin maƙwallato, ko da yake akwai wasu ƙwayoyin cuta da ke haddasa na wasu sassan maƙogwaro, har ga wanda bai taɓa kusantar ko ɗaya ba. Idan an gano shi da wuri, sau da yawa gashi da na'ura ko ƙaramin aiki kan wadatar, mutum ya tsira da muryarsa. Batun cewa daji ba ya son ƙarfe kuwa, jinkirin da wannan magana take jawowa shi ne yake kashe mutane. Mutanen yankinmu kan nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Kaduna, ko Sakkwato. Mu ma, bayan an duba shi a asibitin kusa da gida, ɗaya daga cikin irin waɗannan manyan asibitoci aka tura mu.

A can ne na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai. Likitan da ya karanta mana sakamakon gwaji ba ya jin Hausa sosai, Baffa kuwa ba ya jin Turanci, sai na zama tafinta. Likita ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce 'yar tsokar da aka yanko ta nuna ciwon daji ne, kuma ya yi nisa. Za a cire maƙwallaton gaba ɗaya, a buɗe ƙofa a ƙasan wuya wadda zai riƙa numfashi ta cikinta har iyakar rayuwarsa, muryar da aka san shi da ita kuma ba za ta dawo ba. Bayan miki ya warke za a yi masa gashi na kimanin mako shida. Ya ce in faɗa masa duka, in kuma tambaye shi ko ya amince. Na juya na dubi Baffa yana zaune ya ɗora hularsa a gwiwa, sai bakina ya kasa. Na ce, "Baffa, ya ce ɗan tsiro ne, za su yanke shi. Muryar kuma sai a hankali." Ya ce, "To, alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi." Aka ba mu mako uku mu haɗa kuɗi da masu ba da jini.

Da muka dawo gida na tara manya na faɗa musu gaskiya, kowa ya yaba da dabarata. Aka ce kada a faɗa masa, kada zuciyarsa ta karaya. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Bahaushe ba ya son dirar wa mutum da mummunan labari. Ko rasuwa aka yi, akan aika a ce jiki ya tsananta. Akwai tausayi a cikin wannan al'ada, ba na musun haka. Amma ga abin da tausayin namu ya haifar: Baffa ya shafe makonnin nan uku yana kame bakinsa. Idan an zo gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai, ya nuna wuyansa, wai yana tanadin murya domin azumi mai zuwa. Mu da muka san ba ta da sauran kwana sai ashirin da ɗaya, muna kallonsa yana adana ta.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Daren da za a wayi gari a yi aikin, wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa Bahaushiya, ta zo auna shi. Ta ce, "Baba, ka dai fahimci aikin da za a yi maka gobe ko?" Ya maimaita mata abin da na faɗa masa. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Malam, kai ne ka yi masa tafinta?" Na sunkuyar da kai. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta jawo benci ta zauna daidai fuskarsa, ta kira likitan da ke aikin dare ya tsaya kusa, sannan ta faɗa masa komai da Hausa sassauƙa, ta ambaci sunan cutar, ta nuna masa da yatsa inda ƙofar za ta kasance. Ta kuma ce masa jikinsa ne, idan bai yarda ba, ba wanda zai taɓa shi. Baffa ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce ya yarda, sannan ya juyo wurina ya ce, "Ɗana, ara mini wayarka."

Ya kira Inna, ya sa ta tara yara, ya kira sunan kowane ɗaya ya sa masa albarka. Ya kira yayarsa da ke aure a Malumfashi. Ya kira liman ya ce a nema masa gafarar jama'a idan ya taɓa tashin wani kafin lokaci. Ya lissafa wa babban ɗansa waɗanda yake bi bashi da waɗanda suke bin sa. Haka ya yi ta yi da wannan gurguwar murya har tsakar dare, har ta ƙare ƙat. Abin da ya faɗa mini a ƙarshe shi ne, "Na san tausayi ne ya sa ka. Amma da ka bar ni na yi sallama da mutane a gida."

Aikin ya yi kyau, gashin ma ya kammala, ko da yake ya bar shi da bushewar baki da ɗacin harshe da ƙunar fatar wuya. Wannan aiki na cire maƙwallato ba sabo ba ne a duniya. Wani likita mai suna Theodor Billroth ne ya fara yin sa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a shekarar 1873. Cutar ma ba ta barin kowa: Sarkin Jamus Frederick na Uku ya hau mulki a 1888 tana cin maƙogwaronsa, ya yi kwana 99 kacal a kan gado, yana ba da umarni ta hanyar rubutu a takarda saboda ba ya iya magana. Likitoci sun ci gaba ƙwarai tun daga wancan zamani wajen ceton rai. Sai dai ranar da aka sallame mu, na gane cewa aikin da ya rage ba na wuƙa ba ne, kuma a kanmu ya faɗo.

Wanda aka cire wa maƙwallato yakan rasa abubuwa da yawa da mai lafiya ba ya lura da su. Tun da iska ta daina bi ta hanci, jin ƙamshi yakan ragu ƙwarai. Baffa bai sake jin ƙamshin ƙasa a ranar ruwan farko ba, shi da yake manomi. Ba ya iya hura koko ya huce, ba ya iya fyace hanci yadda aka saba. Wanka sai da dabara, kada ruwa ya shiga ƙofar ya wuce huhu kai tsaye. Ƙurar hunturu da hanci yake tacewa, yanzu ba mai tace ta, sai an rufe wurin da ƙyalle mai tsabta ana ɗan jiƙa shi. Idan tari ya zo, ta wuya majina take fita, wannan kuwa yakan ba mutum kunya a gaban jama'a. Ni da nake malamin harshe sai na ga wata asarar kuma. Sautukan da suka bambanta Hausa da harsuna da yawa, wato /ƙ/ da /ts/ da /ɓ/ da /ɗ/ da hamza, duk da motsin maƙwallato ake yin su. Karin sautin da ke raba "baba" mahaifi da "baba" na marina ma daga tantanin nan yake fitowa.

Duk da haka, ba waɗannan ne suka kwantar da Baffa ba. Mu ne. Hausawa ba su da na biyu wajen dubiya. Zaurenmu ya yi mako biyu bai rabu da mutane ba, daga Kafur, daga Dabai, daga ko'ina, masu kawo fura da masu kawo ƙwai da masu damƙa 'yan kuɗi. Amma na lura da wani abu. Mai dubiya zai shigo ya ce, "Sannu, Malam, sannu," sai ya juya wurin Inna ko wurina ya ce, "Yaya jikin nasa? Yana dai cin abinci?" alhali ga mai jikin a zaune yana ji. Wasu kan ɗaga murya kamar suna magana da kurma. Wasu kan kau da ido daga wuyansa su gaggauta tashi. Wata tsohuwa ta fashe da kuka a gabansa tana salati kamar an shigo da gawa. Akwai ma wanda ya ce a gabansa ai dama sigari ba ta barin bashi. Yara kuwa iyayensu suka hana su kusantar kwanonsa, don tsoron kada su ɗauka, alhali ciwon daji ba a ɗaukarsa ta cin abinci ko zama tare.

Mu na cikin gida ma ba mu tsira ba. Da kuɗin gashi suka ƙare, muka zauna a zaure muka yanke shawarar sayar da shanun huɗarsa guda biyu, muka kuma jinginar da gonar fadama, ba tare da an shiga an tambaye shi ba, wai kada a ɗaga masa hankali. Ta katanga ya hango ana fita da shanun. An ba wani matashi ladanci, wannan dole ne, amma ba wanda ya zo ya ce masa ga abin da aka yi. Aka riƙa kai masa abinci ɗaki shi kaɗai. A hankali ya daina fitowa zaure, ya daina zuwa masallaci, ya rage cin abinci, ya koma kwanciya yana fuskantar bango. Idan an ce ga masu dubiya, sai ya girgiza kai. Muka ce dangana ce irin ta mutanen kirki.

Ba dangana ba ce, ciwon damuwa ne, kuma cuta ce da likitoci suka sani, wadda take da magani. Masu bincike sun daɗe da lura cewa masu ciwon dajin kai da wuya suna cikin waɗanda damuwa ta fi kamawa a tsakanin masu daji, domin cutar tasu tana taɓa fuska da magana da cin abinci, wato abubuwan da mutum yake cuɗanya da jama'a da su. Wata Baturiyar Ingila mai suna Cicely Saunders, wadda ta kafa gidan kula da marasa lafiyar da cutarsu ta yi nisa a Landan a 1967, ta koyar cewa zafin da majinyaci yake ji kashi huɗu ne a haɗe: na jiki, na zuciya, na zamantakewa da na ruhi, kuma wanda ya magance ɗaya ya bar uku bai gama aiki ba. A Amurka kuma wata likitar ƙwaƙwalwa, Jimmie Holland, ta buɗe sashen kula da halin zuciyar masu ciwon daji a wani babban asibitin daji na birnin New York a 1977. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin da ya nemi ƙasashe su sanya irin wannan kulawa ta sauƙaƙa wahala cikin tsarin lafiyarsu. Mu a Gozaki ba mu da ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙwararru. Abin da ya cece mu ya zo ne ta inda ba mu zata ba.

Baffa yana da wani taubashi, tsohon dillalin dabbobi, wanda suka taso tare suna tsokanar juna. Ya yi tafiya kudu, bai dawo ba sai bayan wata uku. Da ya zo, Inna ta ce masa ba ya son ganin kowa. Ya ture labule ya shiga, ya tsaya a kansa ya ce, "Kai, tashi! Ashe Allah ya karɓi addu'ata. Shekara sittin kana cika mini kunne, yau ni zan yi ta zuba, kai kuma ka yi ta saurare, bawana." Gabana ya faɗi. Sai na ga kafaɗun Baffa suna rawa. Ya juyo, bakinsa a buɗe, iska tana fita ta wuyansa fuu-fuu, hawaye yana zuba. Dariya yake yi, marar sauti. Ya ɗaga hannu ya yi wa taubashin daƙƙuwa. Taubashi ya ce, "Ba na jin yaren hannu. Ina allonka? Kai da kake taƙama da karatu, rubuta zagin in gani."

Wannan magana ta kunyata ni. Na daɗe da saya masa littafi da biro, ya ajiye su bai taɓa ba, na ɗauka ƙin magana yake yi. Ban tuna cewa Baffa bai yi boko ba, amma yana rubuta ajami kamar ruwa. Aka ɗauko allo da tawada da alƙalamin kara. Kalma ta farko da ya rubuta ta taubashi ce, ba kuma za ta faɗu a littafin makaranta ba. Ta biyu tawa ce. Jikansa ɗan makarantar allo ne ya karanta mini, domin ni malamin Hausa a lokacin sai da ƙyar nake haɗa baƙaƙen ajami. Ya rubuta: "Nawa aka sayar da shanuna?" Na faɗa masa. Ya rubuta: "An cuce ku. Da kun tambaye ni."

Daga ranar muka sauya hali. Na zauna na gyara ajamina a hannun jikan nan. Muka kafa doka a gida cewa duk wanda ya zo dubiya ya tambayi mai jiki da kansa, ya kuma jira amsa, ko ta allo ko ta hannu. Jiran nan shi ne mafi wuya, domin mai lafiya yakan ƙosa ya ƙarasa wa mai rubutu maganarsa. Ba a sake yanke wata shawara a kan gona ko aure ko kuɗin magani ba sai an kai gabansa. Inna da ba ta karatu suka ƙirƙiri nasu yaren: bugu ɗaya a kwano ruwa ne, biyu a zo, uku kuwa tsokana ce kawai. Taubashi ya ja shi ya koma wurin ciyayya, ana dama masa tuwo da miya mai yawa don ya haɗiyu, ya kuma fara sa hannu a kwano ɗaya da shi a gaban kowa, sai tsoron ɗauka ya mutu. Liman ya zo da kansa ya ce sabon ladan yaro ne, barci yana ɗaukarsa, yana roƙon Baffa ya riƙa tashinsa da asuba, ya kuma riƙa duba masa lokaci. Tun daga nan, kullum kafin alfijir sai a ji ƙwanƙwasar sandarsa a ƙofar yaron.

Na kuma karanta cewa a wasu asibitocin daji akan nuna wa majinyaci ma'auni mai lamba daga 0 zuwa 10, a ce ya nuna inda damuwarsa ta kai a wannan mako, kamar yadda ake auna zafin jiki. Na zana irinsa a bayan allon Baffa. Duk Juma'a idan na zo gida sai in miƙa masa. Bahaushe idan ka tambaye shi yaya jiki, "da sauƙi" zai ce ko yana bakin kabari, amma ɗora yatsa a kan lamba bai saɓa wa kunya ba. Ranar da ya nuna 8, na zauna na tambaye shi dalili, ya rubuta cewa yana ganin ya zama kaya, ya cinye gadon 'ya'yansa da ransa. Da muka koma ganin likita na faɗi wannan, na kuma fassara kowace kalma yadda take. Aka haɗa shi da likitan da ke duba damuwa, aka ba shi magani, barcinsa da cin abincinsa suka daidaita. Da farko 'yan'uwa sun ƙi, suna cewa ai ba hauka yake yi ba. Shi da kansa ya rubuta cewa zai je.

A wannan zuwa ne ma'aikaciyar jinyar nan ta sake yi mana rana. Ta haɗa shi da wani dattijo da aka yi wa irin aikinsa shekaru da suka wuce, wanda ya koyi tura iska cikin hanyar abinci yana dawo da ita kamar gyatsa, yana sarrafa ta da harshe da leɓɓa ta zama magana. Muryar ƙasa-ƙasa ce, mai kauri, amma ana fahimta. Akwai wasu hanyoyin biyu: wata 'yar na'ura mai batir da ake dannawa a wuya, da wani ɗan bututu da likita yake dasawa tsakanin hanyar iska da ta abinci, wanda aka fara amfani da shi a Amurka wajen 1980. Dukansu daga waje ake kawo su, suna da tsada, masu koyar da magana kuma ƙalilan ne, akasarinsu a manyan birane. Abin da dattijon nan ya yi wa Baffa a cikin sa'a ɗaya, mu duka ba mu iya yi masa a wata shida ba, domin ya ga mutum irinsa yana raye, yana kasuwanci, har yana faɗa da yaran mota.

Baffa ya dawo gida ya yi ta gwadawa a bayan rumbu inda ba mai ganinsa. Bai taɓa ƙwarewa ba, kalmomi kaɗan ya samu. Wata safiya Inna tana durƙushe tana wanke ƙyallayen wuyansa, ya tsaya a kanta ya tattaro iska ya ce, "Sannu." Ta saki ƙyallen ta rufe fuska da mayafi. A ranar na tuna cewa fiye da shekara guda matar nan ba ta yi barcin kirki ba, tana tashi duk lokacin da numfashinsa ya sauya, kuma cikin ɗaruruwan masu dubiya ba wanda ya tambaye ta yadda take. Daga nan aka raba kwanan jinya tsakanin 'ya'ya, aka matsa mata ta je Malumfashi biki ta kwana biyu.

Damina uku Baffa ya ƙara gani. Ya zaɓi irin da aka shuka, ya aurar da 'yarsa ta ƙarshe, ya ga an fanshi gonar fadama. Sannan ciwon ya dawo ta gefen wuya. Wannan karon likita yana faɗa ina fassarawa, ban rage ko harafi ba. Ya rubuta cewa ba ya son wani aikin, a mai da shi gida. Aka ba mu maganin kashe zafi mai ƙarfi, aka koya mana yadda ake ba shi a kan lokaci ba sai zafi ya taso ba. Ya yi sallama da kowa a zaurensa, ɗaya bayan ɗaya, jikansa yana karanta allo. Ya rasu da kaka, ana tsakiyar ɗibar auduga. Allah ya jiƙansa da rahama.

Har yanzu ina koyar da ilimin furuci, ina kuma zana maƙwallato a allo. Sai dai idan na zo wurin nakan ajiye alli in ba ɗalibaina wannan labari, domin mafi yawansu ƙauyuka za su koma su koyar, kuma su za a riƙa ɗauka zuwa asibiti a matsayin tafinta, kamar yadda aka ɗauke ni. Nakan roƙe su abu uku. Idan muryar wani dattijo ta dishe ta wuce mako uku, su kai shi asibiti kafin a kai shi wurin wanzami. Idan likita ya ba su saƙo, su isar da shi cikin taushin harshe amma cikakke, sai fa idan majinyacin da kansa ya ce ba ya son ji. Idan kuma suka je dubiya, su zauna daidai fuskar mai ciwo, su tambaye shi, su jira har ya gama ba da amsa. Allon Baffa yana nan rataye a zaure. Ba mu wanke rubutun ƙarshe da ya yi ba, inda yake tuna wa sabon ladan cewa alfijirin hunturu yana yaudara, ya riƙa duba agogo.